Jami'a da kamfani a neman daimon: wa ke riƙe da samfur, wa ke riƙe da sakamako?

Nura: Assalamu alaikum malamai. Ina da tambaya ga masana duwatsu da ke zauren nan. A Jami'ar Alberta ta Kanada an kafa shirin DERTS na horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku kan binciken daimon. Hukumar NSERC ta gwamnati ce ta sa kuɗi, kamfanoni kuma su ba da samfur, su karɓi ɗalibai horon aiki. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kamfani irin De Beers ko Rio Tinto ai yana da nasa masana da nasa ɗakunan gwaji. To me yake nema wurin jami'a? Ko dai dabara ce kawai ta samun ma'aikata a arha?

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam Nura. Kafin a je ga wa ya ci riba, fara da wahalar aikin. Bututun kimbalait, wato dutsen aman wuta da ke ɗauko daimon daga can ƙarƙashin ƙasa, da aka sani a duniya sun kusa 7,000, amma waɗanda suka zama mahaƙa ba su kai 100 ba. Ko a bututu mai albarka, a ce karat 100 cikin tan 100, lissafin ya koma karat ɗaya a kowane tan, wato giram 0.2 cikin giram miliyan ɗaya. Ba wanda zai bi daji yana neman daimon ɗin kansa. Abin da ake bi shi ne ma'adinan da suka taso tare da shi daga mantil, wato sashen cikin duniya da ke ƙarƙashin ɓawonta, waɗanda suka fi shi yawa nesa ba kusa ba: ganet, kuromait, ilmenait mai magnisiyam, da kurom-dayofsaid.

Nan jami'a ta shigo. John Gurney na Jami'ar Cape Town ya auna ganet ɗin da suka maƙale a cikin daimon, ya kwatanta su da ganet ɗin da ke warwatse cikin kimbalait. Sai ya ga na cikin daimon suna da kuromiyam da yawa, kalsiyam kaɗan. Ya ja layi a jadawalin kuromiyam da kalsiyam, kashi 85 cikin 100 na ganet irin na feridotait (dutsen da ya fi yawa a saman mantil) da aka ciro daga cikin daimon suka faɗa gefen ƙarancin kalsiyam. Su ne ake kira G10, sunan da ya fito daga rabe-raben Dawson da Stephens na 1975. Nikolai Sobolev ma a Novosibirsk ya kai ga irin wannan fahimta da daimon ɗin Saberiya. Gurney ba zai iya yin aikin ba sai da daimon masu tabo a ciki da aka yarda a fasa, kuma masu mahaƙa ne kaɗai ke da su. Masu mahaƙa kuma ba su da wanda zai shafe shekaru yana fasa duwatsu ɗaya bayan ɗaya kan tambayar da ba ta da alaƙa da haƙon wannan wata.

Da wannan ma'auni Chuck Fipke da Stewart Blusson suka yi kusan shekara goma suna bin sawun ƙwayoyi a arewacin Kanada har suka isa Lac de Gras. A 1991 aka huda Point Lake da ke yankin tare da kamfanin BHP, aka sami ƙananan daimon 81 cikin kilo 59 na dutse. Mahaƙar Ekati ta fara aiki a yankin a 1998, ta Diavik a 2003.

Injiniya Lawal: Dakta, labarin G10 kowa na son bayar da shi saboda ya ƙare da daɗi. A faɗa wa yaron ɗaya gefen ma. G10 na nuna cewa kimbalait ya ratsa wurin da daimon zai iya zama, ya yago wani abu daga can. Ba ya nuna daimon nawa ya tsira har sama. Narkakken dutsen da ya ɗauko shi yana iya cinye shi a hanya idan ya yi jinkiri ko yanayinsa ya yi iskar oksijin da yawa. Kuma akwai mahaƙun da yawancin daimon ɗinsu na ekulojait ne, wato wani dutsen mantil daban da feridotait, kamar Orapa ta Botswana, inda G10 ba shi ne jagora ba. Argyle ta Ostareliya kuwa ba kimbalait ba ce ma, lamfuroyit ce, wani dutsen aman wuta daban, ga ta a gefen kiraton, wato tsohon doron ƙasa mai kauri, ba a tsakiyarsa ba, alhali ƙa'idar Clifford ta 1966 ta ce a nemi tsakiyar tsohon doron ƙasa. Daga 1983 zuwa rufe ta a 2020 ta fitar da ɗaruruwan miliyoyin karat. Ƙananan kamfanoni da yawa sun sayar da hannun jari da jadawali mai ɗigon G10 guda biyar, aka huda aka tarar ba komai.

Dakta Hauwa: Gaskiya ne Injiniya, sai dai gyaran ma daga irin wannan haɗin gwiwa ya fito. Ganet na ekulojait mai alaƙa da daimon ana gane shi da sodiyam, daga kashi 0.07 cikin 100 zuwa sama. Batun cinyewar daimon a hanya kuma shi Yana Fedortchouk ke yi a Jami'ar Dalhousie: a sa daimon a na'urar matsi da zafi tare da ruwa ko iskar kabon, a ga irin zanen da kowanne ke bari a fuskarsa, sannan a kwatanta da duwatsun mahaƙa.

Amma 0.07 ɗin nan yana da tarko, Nura ka riƙe wannan. Maikurofurob, na'urar auna sinadaran ƙwaya, a saitin yau da kullum, kilobolt 15 zuwa 20, nano-amfiya 20, ƙirga na daƙiƙa 10 ko 20 kan kowane sinadari, ba ya rarrabe 0.05 da 0.08 yadda za a dogara da shi. Sai an tsawaita ƙirgar sodiyam, an ƙara ƙarfin hasken, an auna sanannen ganet a farko da tsakiya da ƙarshen zama. Gumin yatsa kaɗai a kan faifan da aka goge yana ƙara sodiyam. Lab ɗin kasuwa da ke auna ƙwaya dubbai a mako ba ya tsayawa wannan sai an biya shi daban. Lab ɗin jami'a yana tsayawa, amma sakamakon da kamfani ke so cikin sati uku yana iya kai wata shida.

Injiniya Lawal: To kin zo inda nake. Lokacin kamfani da na jami'a ba ɗaya ba ne. A arewacin Kanada damar aikin fili 'yan watannin bazara ne, kaya masu nauyi kuma sai ta hanyar ƙanƙara da ke buɗewa kusan wata biyu a shekara. Idan sakamako bai zo kafin a tsara kasafin baɗi ba, an yi asarar shekara guda. Digiri na uku kuwa shekara huɗu ne. Kafin ɗalibi ya kare kundinsa, kamfanin ya saki filin ko an saye shi. Saboda haka kada a ba jami'a aikin da hukuncin huda ya rataya a kansa. A ba ta tambayar da za ta yi amfani ko bayan shekara biyar.

Nura: Injiniya, don Allah a ɗan buɗe min yadda samfurin ke tafiya daga fili zuwa na'ura, da inda ake samun matsala.

Injiniya Lawal: A fili ana ɗibar kilo 10 zuwa 20 na ƙasa, ko tsakuwar rafi daga inda abu mai nauyi ke taruwa, kamar bayan babban dutse ko ramin da ruwa ya ƙwaƙule a gindin ƙorama. A tankaɗe da ruwa, a riƙe abin da ke tsakanin milimita 0.25 da 2, a raba shi gida-gida. Daga nan a rage yashi mara nauyi a teburin girgiza, sai ruwa mai nauyi: tetrabromoethane da ya ninka ruwa nauyi sau 2.96, ko methylene iodide mai 3.32. Abin da ya nutse a wuce da shi na'urar maganaɗisu a ware baƙin ƙarfe. Ragowar mutum ne zai zauna da madubin ƙara girma ya tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya. A jera su a faifan roba mai daskarewa, a goge, a shafa kabon, sannan maikurofurob.

Inda ake faɗuwa: rariyar da ba a wanke da kyau ba. Ganet ɗaya ya maƙale a ramin rariya daga samfurin jiya, ya faɗo cikin na yau, shi ke nan an ƙirƙiro alama a inda babu, a tura jirgi mai saukar ungulu a banza. Maganinsa a riƙa sako samfurin da aka san babu komai a ciki, da wanda aka ƙirga ƙwayoyin da aka zuba masa, ba tare da mai tsinta ya sani ba. Kurom-dayofsaid yana ruɗuwa cikin methylene iodide domin nauyinsa na gab da na ruwan, wani ya nutse wani ya taso. Na uku kuma, wanda ya fi cutar da jami'a, shi ne samfurin da aka kawo ba tarihi. Kamfani ya miƙa wa ɗalibi kwalbar ganet 500, takardar jiki ta ce daga bututu kaza, ba zurfi, ba nau'in kimbalait, ba a faɗi ko mai tsinta ya zaɓi masu launin shunayya kaɗai ya bar na ruwan lemo ba. In an zaɓa da launi, duk lissafin kason G10 da ɗalibin zai yi ya zama na banza tun kafin ya kunna na'ura.

Malam Tanimu: Ku ba masu jiyofiziks, masu auna cikin ƙasa da na'ura daga samanta, wuri mana, kun cika zauren da ƙwayoyi. A ganina inda haɗin gwiwa ya fi ma'ana shi ne aikin da ya fi ƙarfin kamfani ɗaya. Tsakanin 1997 da 1999 an yi aikin Kaapvaal a kudancin Afirka: na'urorin jin motsin ƙasa 55 da aka zagaya da su wurare 82 a Afirka ta Kudu da Botswana da Zimbabwe. Cibiyar Carnegie da MIT da jami'o'in yankin suka yi shi, kamfanonin haƙa suka taimaka. Ba fasa dutse aka yi ba, girgizar ƙasa ta nesa ake saurare, a auna saurin wucewarta. Inda mantil ya yi sanyi ya kuma tsufa, igiyar ta fi gudu. Aka ga saiwar kiraton, wato mantil mai sanyi da ke ƙarƙashinsa, ta kai kilomita 250 zuwa 300 a wasu wurare, aka kuma ga ta sauya a yankin Bushveld, inda narkakken dutse ya ratsa shekaru biliyan 2.05 da suka wuce. Steve Shirey da abokan aikinsa suka ɗora bayanan daimon a kan wannan taswira a 2002, sai ga shi inda igiyar ta rage gudu daimon na ekulojait sun fi yawa.

Bayansa SAMTEX ya zo, ƙarƙashin Alan Jones na cibiyar DIAS ta Dublin, da De Beers da Rio Tinto da BHP Billiton da hukumomin binciken ƙasa na yankin, aka auna yadda ƙasa ke ɗaukar lantarki a wurare fiye da 700. Irin wannan ba ya nuna maka bututu. Yana nuna maka lardin da bai kamata ka kashe kuɗinka ba, domin daimon na buƙatar zurfin kilomita 150 ko fiye a wurin da zafi bai wuce kimanin digiri 900 zuwa 1,300 ba. Inda saiwar ta yi siriri, garafait, baƙin kabon mai laushi, za ka samu.

Dakta Hauwa: Malam Tanimu, amma taswirarku ta yau ce, daimon kuwa tsoho ne. Steve Richardson ya nuna a 1984 cewa ganet ɗin cikin daimon na Kimberley da Finsch sun haura shekara biliyan 3, alhali kimbalait ɗin Kimberley bai wuce shekara miliyan 90 ba. Abin da ake so a sani shi ne yanayin mantil ranar da dutsen ya taso, ba yau ba. Wannan ƙwaya ce ke faɗinsa. Bill Griffin da Chris Ryan a CSIRO sun fito da ma'aunin zafi na nikel a ganet a 1989, daga baya cibiyar GEMOC ta Jami'ar Macquarie ta faɗaɗa shi. Nimis da Taylor a 2000 suka kawo na kurom-dayofsaid, wanda ƙwaya ɗaya ke ba da zafi da matsi tare. Na nikel zafi kawai yake bayarwa, kuma ya ginu kan zaton cewa ganet ɗin ya zauna da olibin mai nikel kusan kashi 0.3 cikin 100. Sai ka ɗora zafin kan layin zafin ƙasa na yankin kafin ka sami zurfi. Ka ɗauko layin da ba na wurin ba, duk ƙwayoyinka su shige yankin daimon a takarda.

Malam Tanimu: Na karɓa Dakta. Shi ya sa ake haɗa biyun.

Barista Rabi: Sannunku da ƙoƙari. Tambayar Nura ta biyu ba a taɓa ta ba, wato ko ɗalibi ma'aikaci ne mai arha. Amsar tana cikin yarjejeniya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abubuwan da ake faɗa a kansu sanannu ne. Na farko, bugawa. Galibi kamfani na neman ya ga rubutu wata ɗaya zuwa uku kafin a tura mujalla, kundin digiri kuma a rufe shi shekara ɗaya ko biyu. Wannan ba laifi. Laifin shi ne a rubuta cewa sai da amincewar kamfani, ba wa'adi. Ɗalibi ya gama, ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna wa mai ɗaukar aiki. Ya kamata a rubuta cewa kamfani na da ikon cire bayanan sirri kamar wurin samfur da yawan karat, amma ba shi da ikon sauya fassarar sakamako, kuma in wa'adi ya cika bai ce komai ba, an ɗauka ya yarda.

Sai mallakar samfur. Ciro ma'adini daga cikin daimon yana nufin fasa shi ko yanka shi da leza. A rubuta nawa aka yarda a lalata, ɓaraguzan na wa, faifan da aka goge zai zauna a jami'a ko zai koma. Fitar da ɗanyen daimon daga ƙasa zuwa ƙasa kuma, ko na bincike ne, yana ƙarƙashin tsarin Kimberley na sa ido kan cinikin ɗanyen daimon, wanda ya fara aiki a 2003, sai da takardar shaida da kwantena mai hatimi. Mai shirin digiri ya sa wannan jinkiri cikin lissafinsa.

Abin da aka fi mantawa shi ne sauyin mai kamfani. De Beers ta sayi Peregrine Diamonds mai filin Chidliak a 2018. Stornoway mai mahaƙar Renard a Quebec ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi a 2023. Anglo American, uwar kamfanin De Beers a lokacin, ta sanar a 2024 za ta rabu da shi. In yarjejeniya ba ta ce alƙawarin na bin wanda ya gaji kamfanin ba, kuma ba a ajiye kuɗin ɗalibi na dukan shekarun a asusun jami'a tun farko ba, ɗalibin ne ke kwana a ciki.

Injiniya Lawal: Barista, ƙara da wannan: sunan jami'a ba ya maye gurbin ƙiyasin arzikin ƙasa. A Disambar 2010 ma'aikatar harkokin wajen Koriya ta Kudu ta fitar da sanarwa cewa filin Mobilong a gabashin Kamaru na ɗauke da aƙalla karat miliyan 420, aka jingina adadin da binciken masana. Hannun jarin kamfanin Koriya mai filin ya yi tashin gwauron zabo, a 2012 masu binciken kuɗin gwamnatin ƙasar suka ce an zuzuta adadin. Dokar NI 43-101 ta Kanada kan bayyana arzikin ma'adinai, wadda ta biyo bayan badaƙalar Bre-X ta 1997, da takwarorinta SAMREC ta Afirka ta Kudu da JORC ta Ostareliya, duk suna neman ƙwararre mai rajista ya sa hannu ya ɗauki alhaki.

Ga yadda ake kaiwa ga adadi na gaskiya. A fara da ƙananan daimon, waɗanda ba su kai rabin milimita ba. A ɗauki dutsen huda a raba shi kimanin kilo 8-8, a narka cikin kostik soda a tukunyar ƙarfe a zafin digiri 550 ko kusa, kamar yadda ake yi a ɗakin gwajin SRC na Saskatoon a Kanada. Dutse ya narke, daimon ya rage a rariya mai ramin milimita 0.106 ko 0.075. Kafin narkawa a zuba daimon na masana'anta da aka ƙirga, don a san kashi nawa ke ɓacewa. A kuma lura, bakin injin huda kansa daimon na masana'anta ne a jiki, yana gutsurewa ya shiga samfur, ana gane shi da launin ɗorawa da siffarsa. Daga nan a zana yawan duwatsu bisa girmansu, a miƙa layin zuwa manya. Bututu ɗaya yana iya ƙunsar nau'in kimbalait uku ko huɗu da suka taso lokuta daban-daban, kowanne da nasa yawan daimon. Ka gauraya su, layin ya yi maka ƙarya. Bayan haka sai babban samfur na ɗaruruwan tan, a niƙa, a wuce da shi cikin ruwan garin ferosilikon inda daimon mai nauyin 3.52 ke nutsewa. Farashi kuma ba ya tabbata sai an tara karat dubu biyu ko fiye an kai wa masu kimantawa. Babu jami'ar da ke da kuɗin wannan.

Nura: To binciken daimon masu zurfi fa? Kamar ringwudait, ma'adinin can cikin mantil, da Graham Pearson na Alberta ya ba da rahotonsa a 2014. Wannan ai ba ya taimaka wa mai nema.

Dakta Hauwa: Wancan kam ilimi ne tsantsa. Ɗan ƙaramin daimon ne mara kyan gani daga Juína ta Brazil, a cikinsa aka sami ringwudait mai ruwa kusan kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa, shaidar cewa akwai ruwa a ɗaure cikin ma'adinai tsakanin kilomita 410 da 660. Ba wanda ya buɗe mahaƙa da shi. Amma dubi ɗan'uwansa. A 2016 Evan Smith na GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, ya binciki manyan daimon marasa naitirojin irin su Cullinan, har da ɓaraguzan da suka rage bayan an yanka su, ya tarar da ɗigon ƙarfe da nikel a ciki, alamar sun samu ne a zurfin kilomita 360 zuwa 750. Ma'anarsa ga mai haƙa babba ce: waɗannan manyan ba dangin ƙananan da ke saiwar kiraton ba ne. Don haka G10 ba ya hasashensu, layin ƙananan daimon da Injiniya ya bayyana ma ba ya hasashensu. Letšeng ta Lesotho ba ta kai karat 2 cikin tan 100 ba, manyan duwatsu ne ke riƙe da ita.

Injiniya Lawal: Mahaƙar Karowe ta Botswana ma haka. De Beers ta gano bututunta, AK6, tun 1969, aka ɗauke shi ƙarami mara amfani. Yau Lucara ta ciro mai karat 1,109 a 2015, mai 1,758 a 2019, mai 2,492 a 2024. Sai dai a nan injiniyoyi za a yaba wa. Irin waɗannan duwatsu ba sa haskawa sosai a tsohuwar na'urar eksire, injin niƙa kuma yana farfasa su kafin a gan su. Na'urar XRT da ke gane kabon ta yadda hasken ke ratsa shi, aka sa ta gaban niƙa na biyu, ita ta cece su.

Alhaji Mudi: Salamu alaikum jama'a. Ana ta Kanada da Botswana, ga Akwatia nan a Ghana, garin da zangonsa ya cika da Hausawa saboda cinikin daimon. Albert Kitson na hukumar binciken ƙasa ya fara samun daimon a kwarin kogin Birim a 1919, an kwashe fiye da karat miliyan 100 tun daga lokacin, yawancinsu ƙanana. Har yau ba a nuna bututun kimbalait da ya zubo su ba. Duwatsun Birimiyan da ke wurin shekarunsu kusan biliyan 2.1 ne, ba su kai tsufan da ƙa'idar Clifford ke nema ba, ganet da ilmenait da kuke ta magana kuma ba sa fitowa a tsakuwar yadda aka saba. Thomas Stachel da Jeff Harris sun buga bincike kan abin da ke cikin daimon ɗin Akwatia a 1997, suka ga yawanci na feridotait ne daga mantil mai zurfi. Ga tambaya a ƙofar gida, ga jami'ar UMaT a Tarkwa. Me ya hana?

Malam Tanimu: Alhaji barka da shigowa. Kuɗi ne ya hana, domin kamfani ba ya biyan binciken wurin da ba ya shirin haƙa. Tsarin da ya yi aiki a yankinmu shi ne WAXI, shirin binciken ƙasa na Afirka ta Yamma wanda ƙungiyar AMIRA ta haɗa tun 2006, Mark Jessell na jagorantar ɓangaren ilimi: kamfanoni da yawa su zuba kuɗi a tukunya ɗaya, jami'o'in Afirka ta Yamma da na waje da hukumomin binciken ƙasa su yi aikin, masu zuba kuɗi su riga kowa gani, bayan wa'adi a buga. Amma zinariya ce ta ja yawancin kuɗin.

Kuma dabarar Kanada ba ta sauka nan yadda take. Can ƙanƙara ce ta ja ƙwayoyi a miƙe, sanyi ya adana su. Nan marmara da ruwan sama na cinye kurom-dayofsaid da ganet, a bar ilmenait da kuromait da zirkon. A Kalahari gara ce ta taimaka, ta haƙo ƙwayoyi zuwa sama, har aka gano mahaƙar Jwaneng ta Botswana a ƙarƙashin rairayi mai kaurin mita 40 ko fiye. A Laberiya Stephen Haggerty na Jami'ar Florida International, yana aiki da wani kamfanin daimon a Camp Alpha, ya ba da rahoto a 2015 cewa tsiron Pandanus candelabrum na bin ƙasar kimbalait saboda magnisiyam da fotasiyam da fosfaras da ke cikinta. Ni dai zan ɗauke shi alamar a tsaya a ɗebi samfur, ba alamar a kawo injin huda ba.

Nura: Najeriya fa, Malam? Ana yawan cewa akwai taswirar maganaɗisu ta ƙasa baki ɗaya.

Malam Tanimu: Akwai, hukumar NGSA ke riƙe da ita, an yi ta da jirgi tsakanin 2003 da 2010, tazarar layi mita 500, tsayin tashi kimanin mita 80. Yi lissafi da kanka: bututu mai faɗin hekta 5 kusan mita 250 ne kawai daga baki zuwa baki, yana iya zama tsakanin layi biyu jirgi ya wuce bai ji shi ba. Masu neman kimbalait na tashi a tazarar mita 50 zuwa 100. Wani kimbalait ɗin ma ba shi da maganaɗisu, ko ya ruɓe ya zama yumɓu, sai da awon nauyin ƙasa ko na lantarki. Babbar matsalar dai ita ce Najeriya na kan ɗamarar Pan-Afirka da aka sake dafawa shekaru miliyan 600 da suka wuce, tsakanin kiraton na Afirka ta Yamma da na Kongo. Mai neman daimon a yankin nan Saliyo da Gini da Laberiya yake fuskanta.

Barista Rabi: Abu ɗaya da gwamnatoci za su iya yi ba tare da kashe ko sisi ba: a Kanada kamfani ba ya riƙe fili sai ya miƙa rahoton aikin da ya yi, bayan wa'adin sirri rahoton ya zama na kowa. Hukumar binciken ƙasa ta Northwest Territories ta tattara sakamakon samfur da sinadaran ƙwayoyi daga irin waɗannan rahotanni ta zuba a rumbun da ɗalibi zai sauke kyauta. Har wuraren da aka nema ba a samu ba suna ciki, kuma su ne mujalla ba ta bugawa, kamfani ba ya tallatawa.

Dakta Hauwa: Nura, in kana tunanin shiga fannin, ka san kuɗin nema ya ja baya tun da daimon na masana'anta ya karya farashi. Ɓangaren da ya samu kuɗin kamfani a 'yan shekarun nan shi ne dusar mahaƙa, wato niƙaƙƙen dutsen da ya rage bayan an cire daimon. Niƙaƙƙen kimbalait cike yake da safentin da olibin da burusait, masu shan iskar kabon su mai da ita dutsen kabonet. De Beers ta yi aiki a kai da Greg Dipple na UBC, da Ian Power na Trent, da Sasha Wilson ta Alberta, da samfur daga Venetia da Gahcho Kué. Burusait ne ya fi saurin sha, amma kaɗan ne a dutsen, auna shi da na'urar XRD kuma na da wuya saboda safentin na rufe alamarsa. Sannan dole a tabbatar kabon ɗin daga iska ya zo ba tsohon kabonet na cikin kimbalait ba, wanda sai da awon kabon-14.

Injiniya Lawal: Dakta, a tambayi kamfanin kuma ko zai yarda ya sauya yadda yake zubar da dusar. In aka tara ta da kauri ƙarƙashin ruwa a madatsa, iska ba ta wuce 'yan santimita na sama. Sai an shimfiɗa ta siriri an bar ta ta sha iska kafin a zubo wata, wannan kuwa na nufin ƙarin fili da ƙarin bututu da sabon lasisin muhalli.

Nura: Na gode malamai. Barista, wa'adin rufe kundin nan, daga ranar kare shi ake fara ƙirgawa ko daga ranar da aka miƙa wa kamfani rahoton ƙarshe?

Barista Rabi: Ka nemi a rubuta ranar kare kundi. Rahoton ƙarshe kamfani ne ke cewa ya karɓa, yana iya mai da shi gyara sau uku.